Hular Leda a Kan Inna

Matar yayana ta san abubuwa da yawa, kuma kusan dukansu a waya ta gan su. A nan ta ga yadda ake naɗa ɗankwali mai hawa uku, a nan ta ga ruwan ɗumi da lemon tsami yana rage tumbi, ko da yake nata bai ji labari ba. Wata rana kuma ta gano cewa gashin mace yana lalacewa cikin barci. Ta fito tsakar gida da wayar a hannu ta sanar da mu, da irin muryar wanda ya dawo daga karatu a nesa. Ta ce ashe matashin kai cin gashi yake yi, mu muna zaune ba mu sani ba.

A gaban Inna ta faɗi haka, matar da tun tana budurwa ba ta taɓa ɗora kai a kan matashi ba sai ta ɗaure shi. Lokacin bakin Inna ya riga ya karkace, magana sai da ƙyar. Daga kan tabarmar da muka kwantar da ita shan iska, Inna ta dube ta, ta mayar da ido kan kajin da ke tono a gindin rariya. Ni ma na bi kajin da ido. A gidansu muke zaune.

Inna mahaifiyata ce. Bafulatana ce ta wajen Roni, aure ya kawo ta wani ƙauye kusa da Gwiwa, a nan ta haife mu. Mu biyu muka rayu, ni da Yaya, kuma da yake ni ce ƙarama, Auta ake ce min a gida har yau da nake da jika. Ba zan ce gashin Inna ya fi na kowa ba, don ban ga na kowa ba. Idan an tsefe shi yana sauka har tsakiyar bayanta, fari da baƙi a haɗe, farin ya fi yawa. Ban da ni da ƙanwarta da mahaifinmu kafin ya rasu, ba na jin akwai wanda ya taɓa ganinsa a buɗe.

Kullum bayan sallar isha takan zauna a bakin gado ta cire ɗankwalin yini, na atamfa, ta ninke ta ajiye. Ta lakato man shanu kaɗan, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta shafa a bakin kalabarta kawai, ba ta kai shi fatar kai. Sai ta tattaro kalabar ta ɗora su a tsakiyar kai don kada ta kwanta a kansu. Daga nan ta ɗauko ɗankwalin barci. Tsoho ne, wata maƙwabciya ce ta kawo mata tsaraba daga aikin hajji tun muna yara. A da kore ne, daga baya ya koma wani launi da ba shi da suna. Yadinsa yana da laushi, idan ka ɗora shi a gwiwa sai ya zame da kansa. Ta gaba take ƙulla shi, a saman goshi, don ta ce ƙulli a ƙeya kwana yake yana goga. Kuma sai ta zura yatsa ɗaya a ƙarƙashinsa ta ji ya shiga, sannan ta kwanta. Da asuba ta kwance.

Ba ta kiransa ɗankwali. Mai sulɓi take ce masa. "Auta, miƙo min mai sulɓi." Ta ce atamfa tana shanye mai, tana tsinke gashi, abin da zai kwana a kai sai mai sulɓi. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta taɓa ƙarawa da cewa sai wanda iska take ratsawa ba. Ba ta zaci akwai mutumin da sai an faɗa masa haka ba.

Dalilin duk wannan sau ɗaya ta faɗa min, ina yi mata kitso a inuwar ɗaki, shekaru kafin ciwon. Ta ce mahaifiyarta ta daɗe a kwance kafin ta rasu, kan ya cukurkuɗe har aka ga gara a aske. Da aka zo wanka, Inna tana cikin masu riƙe ta. Idan mace ta rasu ana tsefe kanta a wanke, a yi mata kalaba uku a kwantar a bayanta kafin a sa likkafani. Tsohuwar da ke wankan ta kai hannu za ta raba gashi, ta ji ba komai, sai ta shafa kan kawai ta wuce. Inna ta ce wannan shafar ba ta bar idonta ba.

"Ko me zai same ni, Auta, kar ki bari a aske ni. Ina son ukun nan."

Na ce, "Inna, wace irin magana ce wannan ana zaune lafiya?"

"Ki dai ce to."

Na ce to.

Na san ba wajibi ba ne. An tuna min haka sau da yawa, yawanci mutanen da ba a tambaye su ba. Ni dai to na ce.

Ciwon ya same ta da safe tana shara. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yaya, da yake aikin gwamnati yake yi a Kazaure, ya ɗauko ta ya kawo gidansa, aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure. Ni kuma na baro gidana a Kanya Babba na zo jinya. Wanda bai yi jinyar mai kwanciya ba bai san abin da matashi yake yi wa ƙeya ba. Mai lafiya yana juyi, yana tashi. Inna a rigingine take wuni, a rigingine take kwana, sai an juya ta. Ga gumi. Idan aka yi sakacin kwana biyu, gashin ƙeya sai ya fara dunƙulewa kamar audugar da aka tattaka.

Don haka na ci gaba da yi mata abin da take yi wa kanta. Kalaba manya nake yi mata, sakwa-sakwa, in sake duk mako. Da daddare mai sulɓi, da safe in kwance kan ya sha iska. Na kuma shimfiɗa wani tsohon gyalena mai laushi a kan matashin. Idan na ƙulla, takan ɗago hannun hagu, wanda yake da rai, ta zura yatsa ta ji. Idan ya yi mata, ta rufe ido. Idan bai yi ba, ta bar yatsan a wurin tana kallona har sai na sake.

Yaya yakan leƙo da safe kafin ya tafi ofis, ya tsaya daga bakin ƙofa da makullin babur a hannu.

"Inna, ya jiki? Da sauƙi ko? Alhamdu lillahi."

Shi yake tambaya, shi yake amsawa. Ranar da ya tarar ina taje mata kai, ya tsaya ya fi kullum daɗewa.

"Auta, wannan wahalar ta mece ce? A samo reza a sauke mata shi, ta huta ke ma ki huta."

"Ba ta so, Yaya."

"Ta faɗa miki yanzu?"

"Ta faɗa min tun tana iya faɗa."

"Gashi ne fa."

Mutumin da duk Juma'a yake zama a shagon aski ana zagaye masa sanƙo da inji, ana gyara abin da babu. Ban faɗa masa haka ba. Yayana ne, kuma a ƙarƙashin rufinsa Inna take.

'Yan dubiya ma kowace da nata ilimin. Wata ta ce askin kai yana sa ciwo ya yi sauƙi, haka aka yi wa kakar mijinta. Na tambaye ta ko ta tashi, ta ce a'a, amma ta ji daɗi. Sukan zauna su sha zoɓon da matar Yaya ta kawo, su yaba mata jinya, su fita. Ba wadda ta taɓa tambaya wa yake juya Inna.

Wata na huɗu da kwanciyarta, tsakiyar bazara, aka aiko cewa 'yata ta fari ta sauka, kuma ta sha wuya. A gidana ta haihu, kamar yadda aka saba a haihuwar fari, ni uwar ba na nan. Ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Na yi wa Inna sabuwar kalaba, na faɗa mata zan dawo bayan suna, sannan na nemi matar Yaya. Anti nake ce mata. Ita ta zaɓi sunan tun da aka kawo ta, ko da yake na girme ta.

"Anti, ga mai sulɓi a ƙarƙashin matashi. Bayan isha sai ki ɗan shafa mata mai a baki-baki, ki tattaro su sama."

"Haba Auta. Ni za ki koya wa gashi? Kin san masu wannan sana'ar nawa nake bi a waya?"

"Ta gaba ake ƙullawa."

"Na ji, malama. Je ki ga jikarki, ki gaishe min da mai jego."

Kwana uku da tafiyata ta kira ni, ina tsakiyar hura wutar ruwan wankan jego, hayaƙi a ido, mata suna ta shigowa barka.

"Auta, wannan tsumman naku fa na jefa shi a wanki, warin man shanu ya ishe ni, sai ya rabe biyu. Dama ya riga ya mutu. Wane iri ake so in sayo?"

"Mai sulɓi dai, Anti. Ba atamfa ba."

"An gama."

Washegari ta sake kira, murya cike da jin daɗi. Ta ce ta shiga kasuwa ta samo hular barci ta zamani, irin wadda take gani a waya, har da roba a baki, ba ruwanka da ƙulli. Sulɓi kuwa, ta ce, ko ruwa ba ya zama a kanta.

Ta faɗa da bakinta, ko ruwa ba ya zama a kanta. Na ji da kunnena. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Anti." Har na ji kunyar zargin da nake yi mata a zuci.

Kwana tara na yi. Na dawo da azahar. Wanda ya san Kazaure da bazara ya san yadda duwatsun nan suke wuni suna shan rana, su kwana suna mayar da ita. Ɗakin Inna rufin kwano ne, taga ɗaya, wutar lantarki kuwa sai ranar da ta ga dama. Na sauka daga a-daidaita-sahu da ƙullin naman suna a hannu, na yi sallama. Tun daga zaure na ji wari, na ɗauka rariya ce.

Inna tana kwance da hula a kai, ruwan hoda, da zanen furanni. Hular wanka ce, ta leda, irin wadda ake ratayewa a shago kusa da soso da sabulu, wadda ake sawa don kada ruwa ya taɓa kitso. Cikin hular ya yi raɓa, ana hango ɗigon ruwa ta jikin ledar. Hannun hagun Inna yana cikin zane, an soke bakin zanen a ƙarƙashin katifa. Ta gan ni. Idonta kawai ta ɗaga sama wajen goshinta, ta dawo da shi kaina.

Anti ta shigo bayana tana goge hannu a jikin zani.

"Kin gani? Ko sau ɗaya ba ta zame ba. Ban ma taɓa cirewa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na faɗa miki. Sai da na zuba mata mai na kwalba sosai, sannan na rufe. Haka suke yi don ya ratsa. Ita ce dai da rigima, sai ta kai hannu za ta cire. Shi ne na ɗan sa hannun a zane."

Na ɗan sa hannun a zane. Haka ta ce, har da "ɗan" a ciki.

Na fito da hannun tukuna, sannan na cire hular. Robar ta yi zobe a goshin Inna da bayan kunnuwanta, ja, ya nutse, gashin gaban kuma ya biyo ta. Ba zan kwatanta warin ba. Kalabar da na bari a tsakiyar kai sun zame sun koma ƙeya, ta yi kwana biyar a kansu cikin gumi da mai. Sun haɗe da juna sun zama abu ɗaya, jiƙe, kamar soson da aka manta a cikin ruwa. Da na ɗaga gefensa da yatsa, Inna ta ja numfashi ta haƙori. Fatar da ke ƙarƙashi ta jiƙa ta fashe, ƙuraje sun yi ruwa.

"Anti, wannan hular wanka ce."

"Mai shagon ya ce duk ɗaya ne."

"Leda ce."

"To ai ke kika ce mai sulɓi. Taɓa ki ji, akwai abin da ya fi ta sulɓi?"

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Ni na ce mai sulɓi. A bakin Inna kalmar tana ɗauke da man da ake shafawa, da ƙullin gaba, da yatsan da ake zurawa, da kwancewar asuba. Na ɗauke ta haka nan na miƙa wa matar da a wurinta ba ta wuce abin da hannu yake ji ba. Ba mugunta ta yi ba. Na so a ce mugunta ce, da na yi fushi na gama. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa tana jira a gode mata. Mace mai 'ya'ya huɗu, wadda ta san idan ta ƙulle tumatir a leda ya kwana da bazara ruɓewa yake yi. Tumatir ta sani, don nata ne.

Da Yaya ya dawo ya leƙa, ya toshe hanci da bayan hannu.

"Ga abin da nake faɗa tun farko."

Bai tambayi hular da ke yashe a ƙasa ba. Ya dubi matarsa da ta fara share ido, ya ce ai ta yi ƙoƙari, jinya ba wasa ba ce. Daga ina ya san haka, ban sani ba.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti a unguwar da take zuwa duba Inna. Aka kira ta. Ta juya kan a hankali, ta duba, ba ta tambayi laifin wa ba. Ta ce gashin da ke kan ƙurajen sai an cire, don magani ya kai kuma iska ta taɓa wurin. Na tambaye ta ko duka. Ta ce iya wurin, idan zan iya raba sauran.

Yaya ya ce, "Tunda za a taɓa, a gama gaba ɗaya mana."

Na ce masa almakashi yana hannuna, kuma ni zan yi. Karo na farko ke nan da na yi masa magana ban sunkuyar da kai ba. Ya kaɗa makullinsa ya fita.

Sai da na durƙusa na faɗa wa Inna.

"Inna, zan rage na ƙeya. Iya nan kawai."

Ta rufe ido. Na yanke. Wurin ya kai faɗin tafin hannuna har da yatsu. Abin da na cire na ƙulle a tsumma na binne a bayan ɗaki, kamar yadda take yi da duk silin da ya faɗo mata a mataji.

Sauran ya ci min kwana huɗu. Nakan jiƙa karkashi ya yi yauƙi, in shafa, in kama tsinken tsifa in fara daga baki, sili-sili, in hau sama. Idan Inna ta gaji in bari, in juya ta, in dawo. Yatsuna suka yi fari suka yamutse. Anti takan zo ta tsaya a kaina da waya.

"Akwai wani mai da na gani, minti biyar yake warware irin wannan."

"Anti, tuwonki zai kama."

"Ni dai taimako nake so in yi."

"Na sani."

Na ceto na dama, na ceto na hagu. Na gaba roba ta riga ta cinye, na ƙeya kuma yana ƙarƙashin ƙasa. Na raba tsohon gyalen nan nawa biyu, rabi a kan matashi, rabi na ɗaura mata, ƙulli ta gaba.

Daga ranar Inna ta sake wata ɗabi'a. Idan na gama ɗaurawa ta zura yatsa ta ji, sai ta ɗago hannun ta nuna min yatsu uku.

"Zai fito, Inna. Kafin damina ya fito."

Sai ta ɗan girgiza kai, ta sake ɗago su. Kullum haka. Ni kuwa na san abin da na ce mata a inuwar ɗaki, don haka sai in gyara mata zane in fita tsakar gida in nemi abin wankewa. Kowace safiya idan na kwance, nakan sa yatsa a ƙeyar in ji ko ya ƙaru. Ƙurajen sun warke. Gashin tsohuwa kuwa ba ya sauri.

A makonnin nan gaisuwa kawai take haɗa ni da Anti. Ina jin ta tana faɗa wa 'yan dubiya cewa zafi ne ya fito wa Inna da ƙuraje a kai, muna ta fama. Muna. Su ce sannu, Allah ya ba da lada. Ban gyara mata ba ko sau ɗaya. Ina zaune ina tara maganar da zan faɗa mata wata rana, ina gyara ta, ina sake mata tsari, kamar mai shirin hawa mumbari. Hular kuma ba ta jefar ba. Ta wanke ta, ta rataye a banɗaki, tana wanka da ita. A nan ta gane amfaninta.

Mako shida Inna ta ƙara. Ta cika da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko, ina riƙe da kofin kunun da ba ta sha ba.

Aka aika Roni. Ƙanwarta ta zo a bayan babur kafin azahar. Yafendo muke ce mata, yadda Fulani suke kiran ƙanwar uwa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, shi ya sa sau ɗaya ta iya zuwa dubiya tun farkon ciwon. Ta fi Inna kaifin baki. Ita ta yi wankan, ni ina riƙewa, Anti tana miƙo ruwa daga bayan labule.

Da muka zo kan kai, Yafendo ta ce ni zan yi. Na tsefe, muka wanke da ruwan magarya. Na kama na dama na kitsa, na kama na hagu na kitsa. Sannan na kai hannu ƙeya. Abin da ya fito bai kai gaɓar yatsa ba, laushi kamar na jariri, ba abin kamawa. Hannuna ya tsaya a wurin, na kasa ɗaukewa.

Sai labule ya motsa. Anti ta rage murya, irin ragewar mai kawo agaji a ɓoye.

"Auta. Ina da ragowar gashin kanti a ɗaki, sabo ne. Baƙi ne dai, amma ai likkafani zai rufe."

Ban juya ba. Yafendo ma ba ta ɗago ba.

"Gidan biki za ta, 'yar nan? Je ki ƙaro ruwa."

Muka ji tafiyar silifa ta yi nisa. Yafendo ta dube ni.

"Ke kuma me kike jira?"

"Yafendo, na ukun babu."

"Wa ya ce miki daga ƙeya ake cirowa? Kwance waɗannan."

Na kwance. Ta ture hannuna, ta sa yatsunta ta ja layi a saman na dama, ta ja a saman na hagu, ta ɗebo daga kowanne ta haɗa a tsakiyar kai. Ta kitsa shi ya sauko ta kan wurin da na yanke ya rufe shi. Sannan ta kitsa abin da ya rage a gefe da gefe. Sirara ne, kowace ba ta fi ƙaramin yatsa kauri ba. Duka aikin bai kai daɗewar alwala ba.

"Ɗaya, biyu, uku. Ɗaga min kanta."

Na ɗaga, ta kwantar da su a baya. Ina riƙe da kan na ce mata, ban san dalili ba, "Kullum sai ta nuna min yatsu uku. Ina ce mata zai fito."

Yafendo tana matse bakin zaninta ta ce, "To ai raba uku take ce miki. Ita ta koya min kitso."

Ba don ta ji min ciwo ta faɗa ba, ta ma riga ta juya tana neman likkafani. Kuma ba ta ga yadda Inna take ɗago yatsun ba. Ni na gani, sau arba'in ko fiye, amma har yau ban iya rabewa ba ko tuni take yi min, ko koya min take yi. Abin da na sani, mako shida ina taɓa ƙeya ina gyara maganar da zan faɗa wa Anti, ban taɓa zama na dubi kan Inna yadda mai kitso take duban kai ba. Ni da na raina kowa a gidan saboda ba su san gashi ba.

Ta samu ukunta. Ko ta tafi tana sane za ta samu, ko ta tafi ta bar shi a hannun wadda ba ta ganewa, wannan ne ba ni da wanda zan tambaya.

Daga waje maza suka aiko cewa sun shirya, mu ake jira.